Sayen Babban Talabijin: A Auna Ɗaki Da Wuta Kafin A Ƙirga Kuɗi

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa, ko ta Ƙonni zuwa Illela, ko kuwa ta Matamaye zuwa Daura, ya san akwai lokutan da manyan kwalaye masu faɗi suke yawaita bisa motocin haya. Gab da azumi ne, ko gab da gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, ko lokacin da ake shirin kokowar takobi ta ƙasa. Abin da ke cikin kwalayen nan kuwa talabijin ne irin na bango, wanda a yau kowane magidanci mai ɗan hali yake son ya ga ya kafa a falonsa, ya haɗa masa lasifika, ya zauna da iyali da baƙi a yi kallo kamar ana gidan silima.

Ba laifi ba ne mutum ya more abin da ya nema da guminsa. To, sai dai kuma kuɗin babban talabijin ba kuɗin goro ba ne. Ga ɗan kasuwa matsakaici, ribar watanni ce ake ɗauka a danƙa wa mai kanti a zama guda. Kuma masu gyaran kayan lantarki a garuruwanmu shaida ne kan yawan irin waɗannan akwatuna da ke jingine a shagunansu: wani wuta ta ƙona shi tun bai cika wata uku ba, wani gilashinsa ya tsage a hanya, wani kuma da aka buɗe bayansa sai aka tarar sunan da ke goshinsa dabam, kayan cikinsa dabam.

Galibin waɗannan asarori tushensu ɗaya ne. Mai saye yakan shiga kanti da tambaya guda a bakinsa, wato inci nawa ne kuma nawa ne kuɗinsa, alhali kuwa girman allo shi ne abin da ya kamata a yanke a ƙarshe, bayan an duba ɗakin da za a sa shi, abin da za a kalla, wutar da za ta ciyar da shi, da hanyar da zai bi ya iso gida. Wannan shi ne abin da muke so mu bi dalla-dalla, domin mai sayen na gidansa da kuma mai saro su ya sayar.

Ɗaki ne ke zaɓen inci

Da farko dai ya kamata a san abin da ake aunawa. Inci, wanda masu Faransanci ke ce wa pus, santimita 2.54 ne, kuma ana auna allon ne a karkace, daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama, gilashin kaɗai ban da bakin roba. Talabijin mai inci 43 faɗinsa kimanin santimita 95 ne. Mai inci 55 yana kai santimita 122 a faɗi da 68 a tsayi. Mai inci 65 kuwa santimita 144 ne da 81, sannan mai inci 75 ya kai santimita 166 da 93. Kafin a tashi zuwa Kano ko Katsina, sai a ɗauki mita a gwada bangon, a ga ko waɗannan lambobi za su shiga tsakanin taga da ƙofa.

Mutane da yawa suna ganin bambancin inci 55 da 65 ɗan kaɗan ne, tunda goma ce kawai tsakani. A filin allo kuwa, mai 65 ya fi mai 55 da kusan kashi 40 cikin 100, kuma ya ninka mai inci 32 sau huɗu. A cikin babban kanti mai dogon rufi talabijin yakan yi wa ido ƙanƙanta, sai an kai shi gida a ga ya cinye bango.

Masana harkar silima suna da ƙa'ida mai sauƙi ta tazarar zama. A ninka awon allon sau ɗaya da rabi ko ɗan fiye da haka, abin da ya fito shi ne nisan da ya dace tsakanin ido da gilashi. Ke nan mai inci 55 yana son tazarar mita biyu da ƴan kai, mai inci 65 mita biyu da rabi, mai inci 75 kuwa kimanin mita uku. Idan falon Alhaji daga bango zuwa kujera mita biyu ne, to mai inci 75 wahalar wuya da ido kawai zai saya, musamman wajen kallon ƙwallo inda ido ke bin tamaula daga wannan gefe zuwa wancan. Idan kuma zaure ne mai zurfin mita biyar, mai inci 43 zai zama kamar leƙen taga, na baya ba za su iya karanta rubutun da ke gudu a ƙasan labarai ba.

Akwai kuma yadda muke zama. Wannan lissafi an yi shi ne domin mutum biyu ko uku da ke kan kujera guda suna fuskantar allo. A gidajenmu kuwa ana baje darduma ko tabarma, yara a gaba, manya a gefe, maƙwabta a bakin ƙofa. Wannan ya sa abu biyu suke da muhimmanci. Na farko, kada a kafa shi can sama kusa da rufi kamar agogon bango. Tsakiyar allon ya dace ta yi daidai da idon wanda ke zaune, ko ta ɗara kaɗan. Na biyu, a gwada kallonsa daga gefe tun a kanti. Akwai gilashin da ake kira VA, wanda baƙinsa ke da zurfi idan kana gabansa sosai, amma launinsa yakan koɗe da zarar ka matsa gefe. Akwai kuma IPS, wanda baƙinsa bai kai na wancan ba, amma na gefe da na tsakiya kusan abu ɗaya suke gani. Gida mai yawan jama'a, ko mai gidan kallon ƙwallo, na biyun ya fi yi masa amfani.

Me za a kalla a cikinsa?

Hoton talabijin ƙananan ɗige-ɗige ne da aka jera. Wanda aka rubuta wa HD kawai yana da ɗigo kimanin miliyan ɗaya. Full HD yana da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato miliyan biyu da ɗoriya. Shi kuwa 4K, wanda ake kuma rubuta wa UHD, yana da 3840 da 2160, wato sama da miliyan takwas. A yau daga inci 50 zuwa sama kusan duk abin da manyan kamfanoni ke ƙerawa 4K ne, saboda haka duk wanda aka nuna wa sabon mai inci 55 aka ce HD ne kawai, to ya ƙara buɗe ido.

Amma fa allo ba ya ƙirƙirar abin da ba a aiko masa ba. Tashoshi da dama da ake kamawa ta faranti har yanzu hotonsu na tsohon awo ne, 720 da 576, wato ɗigo dubu ɗari huɗu da ƴan kai. Idan aka baza wannan a kan allon 4K, ɗigo guda ne ke riƙe gurbin ashirin. Tsofaffin finafinan Hausa da aka buga a faifan VCD kuwa awonsu 352 ne da 288, sai a ga fuskar ɗan wasa ta watse kamar an shafa mata mai. Daga nan maigida ya fara zargin an cuce shi, alhali kuwa talabijin ɗin lafiyarsa ƙalau, girmansa ne ya tona aibin hoton da ƙaramin akwati ke rufewa a da.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne hoton da ake kunnawa a kanti: furanni, tsuntsaye, ruwa na zuba daga dutse. An ɗauke shi ne musamman domin talla, kuma an ƙure hasken akwatin. Mai hikima sai ya ce a sa masa tashar da ya saba kallo a gida, ko ya zo da nasa fim a filasha, ya ga yadda akwatin ke gyara hoto mai rauni. A nan ne ake gane bambancin na ƙwarai da na araha, domin ƙwaƙwalwar da ke cike gurbin ɗige-ɗigen ba ɗaya ba ce.

Wanda yake son ainihin hoton 4K ta intanet kuwa sai ya yi lissafin data. Kamfanin Netflix da kansa ya ce kallon awa guda a wannan awo yana iya cin giga bakwai, na HD kuma har giga uku. Fim biyu sun isa su cinye abin da wani ke saye na wata. Shi ya sa bai kamata a biya ƙarin kuɗi mai yawa don kawai an ce akwatin “mai wayo” ne ba. Manhajojin cikinsa sukan tsufa kafin gilashin ya tsufa, kuma ƙaramin akwatin intanet da ake soka wa ta kafar HDMI yana yin aikin, idan ya tsufa a canza shi da kuɗi kaɗan.

Sai batun kama tasha. Tun yarjejeniyar da aka yi a Janeba a 2006, ƙasashen Afirka suka amince su bar tsohon tsarin watsa hoto su koma na dijital, aka sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adi, ko da yake ƙasashe da yawa sun wuce shi ba su gama ba. Tsarin da yankinmu ya ɗauka shi ne DVB-T2, wanda a ƙasashe masu Faransanci ake kira TNT. A duba kwali a ga an rubuta shi. Idan akwai DVB-S2 kuma, to ana iya haɗa wayar faranti kai tsaye a kama tashoshin kyauta ba tare da dikoda ba. Akwatin da aka ƙera domin Amurka tsarinsa ATSC ne, na Japan ISDB, na cikin gidan Sin kuma DTMB, duk ba sa kama namu da eriya, sai dai ta dikoda. Wannan ya shafi masu sayen na hannu, irin waɗanda ake ce wa ƴan Kwatano ko Beljiyam. A ƙirga kafofin HDMI ma: dikodar Canal+ ko DStv ko StarTimes za ta ci ɗaya, lasifika ɗaya, wasan yara ɗaya. Ƙasa da uku takura ce.

LED, QLED, OLED da tsohon plasma

Sunaye sun yi yawa a kan kwalaye, amma iri biyu ne a zahiri. Na farko shi ne gilashin LCD da ake haska shi da jerin ƙananan fitilu daga baya, shi ne ake ce wa LED. QLED, sunan da Samsung ya fara tallatawa a 2017, shi ma wannan ne, an dai ƙara masa wani shafi da ke ƙarfafa launi. Mini-LED kuma fitilun bayan ne aka ƙanƙanta aka yawaita. Iri na biyu shi ne OLED, wanda LG ya fara fitar da mai inci 55 kasuwa a 2013. Shi ba shi da fitilar baya, kowane ɗigo da kansa yake haske, shi ya sa baƙinsa yake baƙi ƙirin, kuma a ɗaki mai duhu babu kamarsa.

Sai dai OLED yana da tsada, kuma idan hoto guda ya daɗe a wuri ɗaya, kamar tambarin tasha ko allon ƙirga ƙwallaye, yana iya barin tabo da ba ya gogewa. Gidan da ake kunna tasha ɗaya tun hantsi har dare, ko shagon da ke son jawo jama'a, LED mai haske sosai ya fi dacewa da shi. Ga kuma sauƙin gyara. Ciwon da ya fi kama LED shi ne mutuwar fitilun baya, a ji magana ba a ganin hoto, kuma masu gyara a manyan garuruwa sun iya canza su. Gilashin OLED kuwa idan ya lalace, kuɗin canza shi ya kusa kuɗin sabo.

Plasma, wanda ya yi tashe a shekarun 2000, an daina ƙera shi. Panasonic da Samsung da LG duk sun rufe wannan layi a 2014. Ke nan duk plasmar da aka gani a kasuwa yau ta haura shekara goma, ga nauyi, ga zafi, ga shan wuta, kayan gyaranta kuma sai an farke wata. Ko an yi araha, a tuna Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Kada kuma manyan lambobin “gudun hoto” su ruɗi mutum, irin 400 ko 800 da ake rubutawa. Ainihin gilashin ko dai mai 50 zuwa 60 ne a daƙiƙa, ko mai 100 zuwa 120. Tashoshin yankinmu a kan 50 suke aikowa, saboda haka na farkon ya wadatar ga yawancin gidaje. Na biyun ya fi santsi a ƙwallo da wasan yara, kuma kuɗinsa ya fi.

Wuta ce ke kashe su

A ƙasashenmu wutar gida bolt 220 zuwa 230 ce a takarda. A aikace kowa ya san yadda take: ta yi ƙasa da yamma har fanka ta kasa juyawa, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Ba a manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shafe watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa har zuwa 2024. Kowace ɗaukewa da dawowa duka ce ga ɓangaren da ke karɓar wuta a cikin akwatin.

Abin dubawa na farko shi ne takardar da ke manne a bayansa. Idan an rubuta 100-240V, to yana jure hawa da saukar wuta fiye da wanda aka rubuta wa 220-240V. Idan kuwa 120V kaɗai aka gani, na Amurka ne, soka shi a bango kai tsaye ƙona shi ne nan take. Abu na biyu, a sa kuɗin na'urar daidaita wuta, wato regilatar ko sitabilaiza, cikin kuɗin talabijin tun daga farko. Mai 1000VA ta isa ta ɗauki talabijin da dikoda da lasifika matsakaiciya, kuma a nemi mai jinkiri, wadda ba ta sakin wuta sai ta ɗan dakata bayan an dawo da ita. Masu janareto su kashe akwatin kafin a tada inji da kafin a kashe shi, kada kuma a bari mai ya ƙare yana kunne, domin shaƙewar inji tana sa wuta tsalle. Da damina, idan hadari ya taso da walƙiya, a zare filogi, a zare wayar faranti ma, saboda tsawa ta nan take shigowa.

Masu sola su ma ga nasu lissafi. A bayan akwatin an rubuta wat nawa yake ci. A ce mai inci 55 ne da ke cin wat 100, ana kallo awa biyar kowane dare, wat 500 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1,200, amma irin na dalma rabinsa kawai ake so a sha idan ana son ya yi ƙarko, wato 600. Ashe talabijin kaɗai ya kusa cinye batir guda, ba a zo kan fanka da fitila da dikoda ba. Tsohuwar plasma mai cin wat 300 kuwa sai batir uku. A mitar kamfani ma haka ne: wancan kilowat 15 a wata, wannan 45. Rage hasken allo da dare yana rage cin wuta, yana kuma ƙara wa fitilun baya kwana.

Ba a cinikin biri a sama

Sanannun sunaye irin su Samsung, LG da Sony su ne ƴan jabu suka fi bi, domin manna suna a goshin akwati ba shi da wuya. Amma akwai abin da ba su iya ɓoyewa. Talabijin mai intanet na Samsung da tsarin Tizen yake tashi, na LG da webOS, na Sony da Android TV ko Google TV, na Hisense galibi da VIDAA. Duk akwatin da aka ce Samsung ne, ya buɗe da fuska irin ta wayar Android, to ba daga kamfanin ya fito ba. Haka kuma lambar samfuri da lambar akwati dole su zo ɗaya a wuri uku: a kan kwali, a takardar baya, da cikin saitin akwatin. A buga lambar samfurin a waya a ga ko kamfanin ya san da ita. A kuma sa mita a auna gilashin, domin an sha sayar da inci 50 da sunan 55.

Wannan ba yana nufin duk mai arahar suna ba shi da kyau ba ne. Yawancin gilasan LCD na duniya yanzu masana'antun ƙasar Sin ne ke yin su, irin su BOE da CSOT na kamfanin TCL, kuma Samsung kansa ya daina ƙera gilashin LCD a 2022, saye yake yi. Akwati mai ƙaramin suna da ya fito da sunansa na gaskiya ya fi jabun da ya ari babban suna, don aƙalla ka san abin da ka biya.

Kafin kuɗi su bar aljihu, a buɗe kwalin da za a tafi da shi, ba na nuni ba. A sa hotuna biyar a filasha: fari fat, baƙi, ja, kore da shuɗi. A farin ake ganin tabo da inuwa da matattun ɗigo, a baƙin ake ganin haske na tsiyaya daga gefe. A bar shi kunne kamar rabin awa, domin wani ciwon sai akwati ya yi ɗumi yake fitowa. A gwada kowace kafa, a gwada rimot, a ƙure murya a ji ko tana karkarwa. Mai kantin da ya ƙi a yi wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Hanya, duwan da garanti

Talabijin na bango a tsaye ake ɗaukarsa, a cikin kwalinsa da soson da ya zo da shi. Gilashin siriri ne ƙwarai, idan aka kwantar da shi, nauyinsa kan lanƙwasa tsakiya, rami guda a hanya ya isa ya tsaga shi daga ciki ba tare da kwalin ya nuna komai ba. Kada a yarda ɗan kamasho ya ɗora buhu a kansa, ko a ja igiya ta tsakiyarsa, ko a ɗaura mai inci 65 a bayan kabu-kabu. Gara a biya masa kuɗin kujera. Tsagewar gilashi babu garantin da ke ɗaukarta, kuma babu mai gyaran da ke ɗinke ta.

Garantin ma a fahimce shi. Yawanci yana aiki ne a ƙasar da aka sayar da kayan. Wanda ya saya a Sabon Garin Kano ya kai Damagaram, idan ya lalace sai ya sake tsallakowa da shi. Wanda ya tuna rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wadda aka yi daga 2023 zuwa Maris na 2024, ya san ba kullum ne hanya take buɗe ba. Don haka a karɓi rasit mai ɗauke da lambar akwatin da kwanan wata, a kuma yi magana a fili kan wanda zai ɗauki nauyi idan ciwo ya fito cikin makon farko.

Wajen kwatanta farashi kuma, ɗan kasuwa ba ya buƙatar a koya masa lissafi, amma zumuɗi kan sa a manta. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 canji yake motsi, ita kuwa Sefa tana ɗaure da Yuro a kan 655.957. Wani lokaci kayan tsallake sukan yi sauƙi ƙwarai idan aka juya, amma sai an tara kuɗin mota, na dako, na duwan da na regilatar, sannan a ajiye kusa da farashin kantin garinku da ke ba da garanti a gida. A biya duwan a riƙe takarda. Kayan da aka bi da su ta daji ba su da mai kare su ranar da aka tare su.

Bayan an kai gida

Siririn akwati ba shi da wurin babbar lasifika, shi ya sa muryarsa ba ta kai hotonsa ba. Wanda ke da kuɗin inci 65 cif, gara ya sayi 55 ya sa ragowar a lasifika mai kyau, a haɗa ta kafar HDMI da aka rubuta wa ARC, rimot guda ya riƙa sarrafa su. A bangon siminti a yi amfani da kusoshi masu kama bulo. Bangon ƙasa kuwa ba abin amincewa ba ne ga kaya mai kilo ashirin, gara tebur mai faɗi, a ɗaure akwatin ta baya saboda yara. Kada a sa shi yana fuskantar taga ko ƙofa. Kamfanoni da yawa suna rubuta digiri 40 a matsayin iyakar zafin da zai yi aiki a ciki, mu kuwa a bazara ɗaki mai rufin kwano yana kai haka, saboda haka a bar masa sarari ta baya ya sha iska. Da hunturu a rufe shi da yadi idan an kashe, a share ƙura da tsumma mai laushi busasshe, ba a fesa wa gilashi ruwa.

Ga masu saro su kuwa, duk abin da aka lissafa a nan jari ne. Ka tambayi mai saye girman ɗakinsa da irin wutar unguwarsu kafin ka nuna masa kwali, ka gaya masa gaskiya idan na hannu ne, ka gwada masa a gabansa. Ribar yau za ta iya raguwa idan ya ɗauki ƙarami, amma a kasuwar iyaka kowa ya san kowa, kuma wanda ya ji daɗin kayanka shi ne zai kawo maka ƙanensa da surukinsa kafin wata gasar. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.